Ɗan Jagoran da Ke Cikin Kwamfuta

Akwai wani malami da muka taɓa koyarwa a makaranta ɗaya, makaho ne tun yana yaro. Idan ya buɗe kwamfutarsa yakan rage hasken fuskarta har ta yi baƙi ƙirin, don batir ya daɗe. Abin da ke fitowa daga cikinta wata murya ce mai gudu, kamar ana zazzaga tsakuwa a kwano. Ranar da na fara ji na ce masa, "Malam, wannan kuma wane yare ne?" Ya yi dariya ya ce, "Turanci ne, Malam, tambayoyin jarrabawa nake dubawa. Kunnenka ne bai saba ba." Ya sassauta gudun muryar, sai ga kalmomi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya taɓa wani maɓalli a kusurwar hagu da ɗan ƙaramin yatsansa, muryar ta ɗauke ɗif a tsakiyar kalma. Ya ce mini duk cikin madannan nan babu wanda yake ƙauna kamar wannan, mai sa ta yin shiru.

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma da na bi tarihin wannan manhaja mai karanta wa makafi abin da ke kan allon kwamfuta, sai na tarar kusan duk wahalar da aka sha a kanta tana cikin abin da ya faɗa. Mai ido da kallo ɗaya ya san inda kanun shafi yake, ya ga jan rubutun da ke gargaɗi, ya tsallake abin da bai dame shi ba, bai ma san ya tsallake ba. Kunne ba shi da wannan gata. Kalma ɗaya yake karɓa, sannan ta bayanta, kamar mutane masu shiga ta ƙofar zaure. Manhajar da za ta zame wa mutum ido dole ta yi aiki irin na ɗan jagora nagari: ya faɗi rami kafin a kai gare shi, ya kama bakinsa a kan hanya mai kyau, ya tsaya da an ce tsaya.

A shekarun 1960 da 1970 akwai makafi a Amurka da ke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta. Sana'ar ta dace da su, domin kwamfutocin lokacin a takarda suke fitar da sakamako, kuma ana iya fitar da shi da rubutun Braille a shafa da yatsa. Da allon gilashi ya fara korar takarda daga ofisoshi, sai abin ya dagule. Gilashi sumul yake, yatsa ba ya jin komai a kansa.

Dabarun farko na ƙarfe ne da waya. John Linvill, malamin injiniya a jami'ar Stanford, yana da 'ya makauniya, shi da abokan aikinsa suka ƙera Optacon, wadda ta shiga kasuwa a 1971. Ana bin rubutu da 'yar ƙaramar kyamara da hannu ɗaya, yatsan ɗaya hannun kuma na kwance a kan ƙananan allurai 144 masu kaɗawa, suna zana masa siffar kowane harafi. Har an yi mata wani gilashi na musamman don karanta allon kwamfuta. Harafi-harafi ake bi, abin akwai cin rai, amma mutane sun riƙe aikinsu da ita. A 1976 kuma Ray Kurzweil ya fito da na'urar da ke karanta littafi da murya, mawaƙi Stevie Wonder na cikin waɗanda suka fara mallakarta. Tsadarta ta sa akasari sai ɗakunan karatu da makarantu ke iya saye.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Jim Thatcher da Jesse Wright. Thatcher masanin lissafi ne, ya gama digirin digirgir a jami'ar Michigan a 1963, Wright kuwa, wanda ya yi masa jagora a binciken, makaho ne. Dukansu biyu suka koma cibiyar binciken kamfanin IBM da ke jihar New York. Kamfanin na da wata na'ura mai magana da ake kira SAID, ƙatuwa mai tsada, wadda ke karanta allon manyan kwamfutoci. Da ƙaramar kwamfutar IBM ta fito a 1981, sai ɗalibi da malaminsa suka zauna neman yadda ita ma za ta yi magana. Wajen 1984 suna da abin da ke aiki, a 1986 kuma ya zama IBM Screen Reader. Sunan nan da aka laƙa wa kayan kamfani ɗaya shi ne ya bi duk manhajojin irin wannan a Turanci har yau. Wright ya koya wa Thatcher lissafi, Thatcher ya shafe shekaru yana nema wa malaminsa hanyar karanta allo. Duk wanda ya tashi a gaban malami ya san nauyin wannan.

Abin da ya sauƙaƙa musu aiki shi ne tsarin allon wancan zamani. A ƙarƙashin DOS, tsarin da ke tafiyar da ƙananan kwamfutocin, allo layi 25 ne, kowane layi gurbi 80, jimla gurabe 2,000. Kowane gurbi yana da mazauninsa sananne a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, inda aka ajiye lambar harafin da ke cikinsa da lambar launinsa. Sai manhajar karatu ta laɓe a cikin ƙwaƙwalwar, tana leƙa guraben nan, tana aika haruffan zuwa akwatin murya. A lokacin muryar na'ura ce mai zaman kanta da ake jonawa da waya ko a soka cikin kwamfuta, irin su Votrax, da Echo na kwamfutar Apple II, da DECtalk wadda ta fito daga binciken Dennis Klatt na jami'ar MIT.

To, samun haruffan ke nan, kuma shi ne ɓangare mai sauƙi. Wa zai zauna a karanto masa gurabe 2,000 duk lokacin da harafi ɗaya ya canza? A nan aka yi gumi. Dole mutum ya iya cewa karanto mini wannan layin kawai, ko kalmar nan, ko ka rarrabe mini haruffanta. Dole a samu wata alama ta biyu da zai yawata da ita ko'ina a allo yana dube-dube, ba tare da ya gusar da inda yake rubutu ba. Idan jerin zaɓi ya bayyana, mai ido yana gane wanda aka zaɓa ta launinsa, saboda haka aka koya wa manhajar bin launi. Aka ba mutum damar keɓe wani lungu na allo, misali layin ƙasa inda manhajar rubutu ta WordPerfect ke nuna lambar shafi, ya ce kada a taɓa shi sai an tambaya, wani lungun kuma ya ce a sanar da shi da zarar wani abu ya motsa. Babban baƙi, sai murya ta ɗan ɗaga. Waƙafi da aya, mai karanta labari ba ya son jin su, mai rubuta manhaja kuwa ko ɗigo ɗaya ba zai yarda a ɓoye masa ba. Sama da duka, da an taɓa maɓalli murya ta yanke, ta koma kan sabon abu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da yawancin waɗannan dabaru suka fito daga makafi ko daga masu zama kusa da su kullum. Ted Henter ɗan tseren babur ne, ya kuma karanta injiniya, ya rasa ganinsa a haɗarin mota a Ingila a 1978. Ya koyi rubuta manhaja, ya yi aiki da Deane Blazie wanda ke ƙera kwamfutoci masu magana a jihar Maryland. A 1987 shi da Bill Joyce, wanda shi ma makaho ne, suka kafa kamfanin Henter-Joyce a Florida, a 1989 suka fitar da JAWS. Sunan haruffan farko ne na kalmomi huɗu masu nufin samun aikin yi ta hanyar magana. Aikin yi suka sa a gaba, wato albashi da mutunci, kuma wannan ya fi mini duk wani zancen tausayi da ake yi a kan makafi.

Ana cikin wannan murna sai ta nemi komawa ciki. Macintosh ta fito a 1984, Windows 3.0 a 1990, ofisoshi suka fara rungumar allo mai hotuna da linzami. A wannan tsari babu gurabe babu lambar harafi. Komai zane ne na ƙananan ɗigogi, harafin "b" da hoton kwandon shara duk ɗaya suke a wurin ƙwaƙwalwar allo. Manhajar karatu ta leƙa inda ta saba, ta tarar babu abin karantawa. Mutumin da ya ƙware a aikinsa, yana iya zuwa ofis ranar Litinin ya tarar an sauya kwamfutoci, shi ke nan ya koma neman wanda zai karanta masa. Masu ido suna ta yabon sauƙin da aka samu, ba da mugunta ba, kawai ba a tuna da kowa ba lokacin da ake zanen. Wannan mantuwar ce ke ba ni haushi, domin har gobe ana maimaita ta a duk manhajar banki ko shafin rajista da aka cika da maɓallai marasa suna.

Mafitar da aka samo tana da wayo. Tun da ba a iya karanta zanen bayan an zana shi, sai a tare saƙon a hanya. Duk lokacin da wata manhaja ta umarci kwamfuta ta rubuta kalma kaza a wuri kaza, manhajar karatu na saurare, sai ta kwafe a nata kundin na ɓoye. A hankali ta gina kwafin allon gaba ɗaya da kalmomi, daga shi take karantawa. Kamfanin Berkeley Systems ya fara da outSPOKEN a kan Macintosh a 1989. Richard Schwerdtfeger na IBM ya yi bayanin dabarar a mujallar BYTE a 1991, Thatcher da abokan aikinsa suka yi wa tsarin OS/2 nasa, Window Bridge ta fito daga Kanada a 1992 don Windows, JAWS na Windows da Window-Eyes suka biyo a 1995. Kundin yakan rikice, ya riƙe kalmar da ta riga ta gushe daga allo. Ƙananan hotuna kuwa sai an nemi mai ido ya zauna ya faɗi ma'anar kowanne a laƙa masa suna. Sai a 1997, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin makafi, Microsoft ta fitar da hanyar da kowane maɓalli zai iya faɗin sunansa da aikinsa da kansa.

Saura tsada. A lokacin JAWS takan kai wajen dala 1,000, kuɗin da ya fi na kwamfutar kanta a wurin mutane da yawa. A 2006 Michael Curran, wani matashi makaho a Ostareliya, ya fara rubuta NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo suka ci gaba tare, suka bayar kyauta. Apple ta saka VoiceOver cikin iPhone a 2009, wayoyin Android suka samu TalkBack.

NVDA ce a kwamfutar malamin nan. Wata rana na aika masa saƙo da Hausa, ya kunna mini in ji yadda muryar Turanci ke karanta shi. Ta murɗe kowace kalma, ta yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, kuma tun da rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, "gari" na zama da "gari" na tuwo duk murya ɗaya ta ba su. Ni ban gane ko jimla ɗaya ba, alhali ni na rubuta. Shi kuwa ya saurara har ƙarshe, ya danna maɓallinsa na kusurwa, ya ce, "To, Malam, na ji. Ƙarfe huɗu zan zo, in sha Allahu."