Kunne Mai Zubar Da Mugunya Ba Abin Rainawa Ba Ne

A ƙauyukan ƙasar Bagwai, kamar sauran karkara, ba a cika ɗaukar kunne mai zubar da mugunya a bakin komai ba. Sai a toshe shi da auduga, yaro ya koma iyonsa a madatsar ruwa ta Watari.

To, wani lokaci a bayan mugunyar nan akwai wani ƙari da likitoci ke kira kolestiyatoma. Ba ciwon daji ba ne, fata ce ke taruwa a bayan dodon kunne, tana cin ƙashi sannu a hankali. Ƙashin nan kuwa na gindin ƙoƙon kai ne, watau shi ya raba kunne da ƙwaƙwalwa. In an ƙyale ƙarin, yakan jawo kurumta, ko karkacewar baki, ko ƙurji a ƙwaƙwalwa.

Dā sai an tsaga bayan kunne, an fafe ƙashi, kana a kai gare shi. Amma a 1959 wani masani ɗan Ingila, Harold Hopkins, ya ƙago siririn madubin leƙa cikin jiki. Tun wajen 1990 likitoci ke zura irinsa, mai kaurin milimita 3 ko 4, ta ramin kunne, su cire ƙarin ba tare da tsaga ba. Sai dai dabarar ta fi cin nasara in ƙarin bai yi nisa ba.

Saboda haka, malamai da akawuna, yaron da kunnensa ya yi wata da watanni yana wari, lalle a sa iyayensa su kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.