Gidan Abinci Mai Kare Muhalli: Daga Ina Itacen Ya Fito?

Wani sabon yayi ya shigo harkar sayar da abinci a manyan biranen duniya, kuma ƙurarsa ta fara isowa Abuja da Legas. Gidan abinci ba ya tsayawa ga tallar daɗin girkinsa kawai, sai ya ƙara da cewa shi mai tausayin ƙasa ne: kayan miyarsa daga gonakin kusa suke, ba ya zubar da ragowa, ba ya amfani da roba. Tun 2020 kamfanin Michelin na Faransa ya fara ba irin waɗannan gidaje koren tauraro a matsayin lambar yabo. Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne wani gida a babban birnin ƙasar Denmak da aka buɗe a 2003, wanda ya gina sunansa a kan dafa abin da ƙasar yankinsa ta fitar kaɗai. Sunansa Noma. A harshensu ba shi da alaƙa da fartanya, amma duk Bahaushen da ya ji sunan sai ya yi murmushi, domin ba da saninsu ba sun faɗi asalin maganar.

Ba na raina wannan yayi. Abin da nake tsoro shi ne mu ɗauko ɓawonsa mu bar ƙwayar. Na ga gidajen abinci a Abuja da suka jera tukwanen fure a ƙofa, suka sauya tsinken shan lemo na roba da na takarda, alhali janareta na ruri a bayan gida daga safe har dare. Idan ana son a auna gaskiyar lamarin a birni kamar Sakkwato, sai a wuce teburin baƙi a leƙa madafa, a tambayi mai girki: wutar nan da ke ƙarƙashin tukunyarki, daga ina ta fito?

Mafi yawan masu ciyar da birnin nan ba su da allo mai haske a ƙofa. Mata ne masu tuwo da shinkafa a bakin tasha da kewayen kasuwa, da masu shayi, da masu tsire da balangu, da masu waina da ƙosai. Kusan dukkansu da itace ko gawayi suke aiki. Waɗanda suka koma iskar gas a shekarun baya, da yawansu sun dawo murhu bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, farashin komai ya yi sama. Murhun duwatsu uku kuwa mai almubazzaranci ne: mafi yawan zafin wutar iska ce ke kwashe shi, kaɗan ne ke shiga tukunya. Gawayi ya fi shi muni ta wata fuskar, domin kafin a samu buhu ɗaya sai an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau da yawa a cikin rami. Mai cin farantin shinkafa da miya ba ya ganin wannan lissafi, amma akwai wurin da ake biyansa.

Ɗaya daga cikin wuraren da ake biyansa shi ne gabashin jihar, ƙasar Gobir ta kan iyaka, wato Isa da Sabon Birni da ƙauyukan da ke tsakaninsu da Jamhuriyar Nijar. Wanda ya san yankin kafin wannan musiba ya san ƙasa ce ta albarka. Gulaben Bunsuru da Gagare suna haɗuwa a can su zama gulbin Rima, wanda ke gangarowa ya cika madatsar ruwa ta Goronyo kafin ya iso Sakkwato. Da damina tudu na ba da gero da dawa da wake, da rani fadama ta ba da albasa da tattasai da tumatir da shinkafa. Ga dabbobi, ga nono, ga kifin gulbi. A nan kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Abin da Turawa ke kira ci daga gonar kusa, suna sa masa farashi mai tsada, shi ne abin da kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi ba tare da sun raɗa masa suna ba.

Yau manomi a ƙauyuka da dama na yankin ba ya shiga gonarsa sai ƙauyen ya haɗa kuɗin da 'yan bindiga suka ɗora masa, kuma idan amfani ya nuna a sake biya kafin girbi. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji, wasu sun cika garin Isa da na Sabon Birni, wasu sun gangaro Sakkwato suna kwana a kangaye. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Idan rawani bai tsira a kan hanyar ba, ina ga mai buhun albasa?

A nan ne maganar tsaro da maganar muhalli suke zama magana ɗaya. Mutumin da aka raba da gonarsa da shanunsa, jarin da ya rage masa shi ne gatari. Dajin can ciki ba ya shiguwa, saboda haka sara ya koma kan itatuwan da ke kusa da gari da bakin hanya, waɗanda a da ake ragawa saboda inuwa ko 'ya'ya ko ganyen dabbobi. Ba zan zargi uwar marayu da ta sare ƙirya don ta sayi tiyar masara ba. Amma itacen da ta sare yana da mai saye, kuma mai sayen na ƙarshe shi ne ni da kai da muke zaune a benci muna cewa a ƙaro miya. Ita kanta gwamnati ta san hanyar itace da hanyar tsaro sun haɗu: a dokar da ta kafa a watan Satumban 2021, wadda ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa da ta ratsa dajin Gundumi, har da haramta wa manyan motoci ɗauko itace daga daji. Dokar ta taɓa mota, amma ba ta taɓa murhu ba, kuma muddin murhu na buƙata, itace zai samu hanyar da zai iso.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin yana tsallaken iyaka, a hannun 'yan'uwanmu Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. Tun wajen 1983 manoman can suka rungumi dabarar da suke kira sassaben zamani. Maimakon a share gona ƙal, sai a bar kututturan da ke tohowa, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a raine su, a sare sauran. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, saiwar da ma tana raye a ƙasa. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa ta, amma manoma ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ya dawo gonaki, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. Rassan da ake ragewa duk shekara su ne itacen girki, ana ɗiba uwar na tsaye. Mu kuwa muna da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa, amma dashen da ake yi gaban kyamara ba ya jure bakin akuya da zafin Afrilu. Sai dai kada a manta, rainon itace aikin shekaru ne, kuma ba mai rainon itace a gonar da bai san ko baɗi zai taka ta ba.

Sai leda. A da tuwo a akushi yake zuwa, fura a ƙwarya, a sha da ludayi, a wanke a kife. Yanzu tuwo mai zafi a leda ake naɗe shi, miya a leda, koko a leda, shinkafa a farin mazubin nan mai kama da soso. Ƙarshensu kwata, ko cikin tumbin tunkiya. Mahauta sun fi kowa sanin abin da suke cirowa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, Legas ta haramta farin mazubin a watan Janairun 2024. Ban ce a wayi gari a kama mai ƙosai ba. Amma babban gidan abincin da ke sayar da faranti da dubban nairori ba shi da uzuri, kuma ma'aikacin da ke aiken yaro sayen abinci kullum ba abin da zai rage shi idan ya ba shi kwano mai murfi.

Akwai kuma abin da ake dafawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa, saboda yana nuna cikin kimanin wata uku da ɗan ruwan da ba zai ishi shinkafa ba. Mu da muka gaje shi mun mayar da tuwonsa abincin ƙauye, muna alfahari da taliya da burodin alkamar da akasari jirgin ruwa ke kawowa. Miyar kuka da ta sure da kwaɗon zogale ba su buƙatar firji, ba su buƙatar dala. Gidan abincin da zai dafa su da tsafta, ya kawo su da mutunci, ya fi mai tsinken takarda kusa da abin da ake nufi.

Na san amsar da mai tuwon bakin tasha za ta ba ni: ribarta ba ta kai ta sayi ingantaccen murhu ba, ko da zai rage mata rabin itace. Gaskiyarta. Shi ya sa nake ganin kuɗin da ake kashewa a bikin dashen itace na shekara-shekara ya fi dacewa a mayar da wani kaso nasa bashi marar ruwa ga masu abinci, ta hannun ƙungiyoyinsu, a ba su murhun su riƙa biya daga abin da suka rage na itace. Maƙeranmu za su iya ƙera shi a nan Sakkwato. Manyan gidajen abinci kuma, da otal-otal, da masu kwangilar ciyar da ɗalibai a makarantun kwana, a wajabta musu su bayyana nawa suke ƙonawa a wata da kuma inda suke sayowa. Su kuwa wakilan Isa da Sabon Birni a majalisar jiha da ta tarayya, ina son in ji wani daga cikinsu ya tashi ya tambayi ma'aikatar gona hekta nawa aka bari ba a noma ba a mazaɓarsa a daminar da ta wuce.