Wutar da kake biya, da me ake samar da ita?

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhun shinkafa sai ya tambaya ta Kebbi ce ko 'yar waje. Amma wutar lantarki, wadda ke cin kuɗin mai injin markaɗe da mai firjin ƙanƙara kowane wata, ba wanda ke tambayar asalinta. Duba rasidin da ake ba ka idan ka sa kuɗi a mita. Za ka ga lambobin da za ka danna, da yunit nawa ka samu, da harajin VAT. Ba za ka ga inda aka ce da gas aka samar da wutar ko da ruwa ba.

Mu da ke Ogbete a Inugu ya kamata mu fi kowa damuwa da wannan tambaya, domin a kan makamashi aka gina garin nan. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, kuma saboda kwal ɗin aka ja layin dogo daga Inugu zuwa Fatakwal. Unguwar da ake kira Coal Camp mazaunin mahaƙa ce. A 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley. Tashar Oji River, wadda aka buɗe a 1956, kwal ɗin nan take ƙonawa ta ba yankin wuta. Ta daɗe da mutuwa, kuma yau babu kwal a wutar da ke shigowa shagonka.

To daga ina take zuwa? Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar babban layin ƙasa daga iskar gas ne, a tashoshi irin su Egbin a Legas, Afam a Jihar Ribas, da Okpai a Delta, tsallaken Kogin Kwara daga Anacha. Saura kuwa ruwa ne: Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, duk a can gida Arewa. Ana zuba su a layi ɗaya, kamfanonin rarrabawa su ɗauki kasonsu. EEDC ne ya gaji yankin Inugu da Anacha bayan sayar da kamfanonin a 2013, PHED kuma Fatakwal. Hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, tana fitar da lissafin gas da ruwan nan a rahotonta na wata uku-uku, amma da Turanci mai nauyi, a intanet. Wane mai shayi ne zai je nema?

A Ingila, tun 2005 doka ta wajabta wa kowane kamfanin sayar da wuta ya bayyana wa masu saye duk shekara kashi nawa na wutarsa ya fito daga gas, kwal, nukiliya, iska ko rana. Can ma akwai wayo a ciki, don kamfani yana iya sayen takardar shaidar wuta mai tsafta daga wani, ya manna wa tasa. Duk da haka mai biya yana da abin riƙewa ya yi gardama da shi.

Sanin asalin wuta yana da amfani a aljihu. Da dala ake ƙiyasta farashin gas ɗin da tashoshin ke ƙonawa, saboda haka faɗuwar naira tana iya bin waya ta same ka. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Haka kuma idan aka fasa bututu a Neja Delta, ko masu sayar da gas suka rage saboda bashin da suke bin tashoshi, duhu ne zai biyo baya ko da taransifomar layinku lafiya lau take. Da rani ma ruwan madatsu yakan ja baya. A nan ake cutar mutane. Wani zai zagayo da littafi ya ce kowane shago ya kawo kuɗin gyara, alhali matsalar tana can ɗaruruwan kilomita daga kasuwa. Kada ka ba da ko sisi sai an nuna maka abin da ya lalace, kuma an ba ka rasidi.

Yanzu ƙofa ta matso kusa. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, kuma a 2024 Jihar Inugu ta karɓi tata ta hannun hukumar EERC, inda kamfanin MainPower ke rarraba wuta a madadin EEDC. Mai ƙorafi ya fara kai shi a rubuce ofishin kamfani, in ba a saurare shi ba ya wuce gaban hukuma.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Ogbete, Anacha da Fatakwal, ku riƙa halartar zaman jin ra'ayin jama'a kan farashi. Ku nemi a rubuta a jikin kowane bil kashi nawa gas ne, kashi nawa ruwa, da awa nawa layin ya samu wuta a watan. Kafin nan, kowa ya duba rukunin da aka sa shi, ya riƙa rubuta lokacin kawo wuta da ɗauke ta, ya adana rasidansa.