Rikoda Lafiyarta Ƙalau, Jan Maɓallin Ne Ba Ka Danna Sau Biyu Ba

Yawancin rikodojin da ake kai wa mai gyara babu abin da ya same su. Ina nufin 'yan ƙananan nan masu katin memori maimakon kaset, irin su Zoom da Tascam da Sony, waɗanda 'yan jarida ke miƙa wa gwamna a baki, ɗalibai ke ajiyewa gaban malami, masu fim ke rataya wa mai riƙe sandar makirfo. Babu zaren da zai harɗe a cikinsu. Abin da ke kayar da mutane bai wuce maɓalli, da memori, da batir, da ɗakin da aka zauna ba.

A Zoom H4n da Tascam DR-05, danna jan maɓalli sau ɗaya ba ya naɗar komai. Wuta za ta riƙa ƙyaftawa, layukan sauti su riƙa hawa da sauka, har ka ji muryar mai magana a kunnenka, alhali na'urar jira kawai take yi ka daidaita ƙarfin sauti. Sai ka sake dannawa wutar ta tsaya cak, lambobin lokaci su fara tafiya. Lambobin za ka duba, ba wutar ba. Idan kuwa duk maɓallan sun ƙi aiki lokaci guda, leƙa gefe: akwai ɗan makulli mai rubutun HOLD, kuma aljihu ya iya tura shi.

Kuskuren maɓalli mafi shahara a duniya a fadar shugaban Amurka aka ce an yi shi. Faifan hirar da Richard Nixon ya yi da babban hadiminsa H. R. Haldeman ranar 20 ga Yunin 1972, kwana uku bayan fasa ofis na Watergate, an tarar minti 18 da rabi sun ɓace daga cikinsa. Sakatariyar Nixon, Rose Mary Woods, ta ce waya ce ta yi ƙara tana tsakiyar kwafe hirar da rikoda ƙirar Uher, sai ta danna maɓallin naɗa maimakon na tsayarwa. Minti biyar ko kusa da haka kawai ta ɗauki alhakinsu. Masana da kotu ta naɗa suka ce an bi wurin da gogewa aƙalla sau biyar. Hannu bai cika yin kuskure iri ɗaya sau biyar ba.

Batir ya mutu ana tsakiyar naɗa, ka sa sabo, ka tarar fayil ya ƙi buɗewa ko yana nuna sifili. Kada ka goge shi, kada ka sake naɗar komai a katin. Fayil ɗin WAV yana da ɗan bayani a kansa, wanda a mafi sauƙin siffarsa bayit 44 ne kacal, kuma a nan ake rubuta tsawon sautin. Rikodoji da yawa ba sa cike wannan wuri sai ka danna tsayarwa, kamar mai awon hatsi da ba ya rubuta adadin tiya a bakin buhu sai ya gama zubawa. Hatsin yana ciki, rubutun ne babu. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000, tana da hanyar shigo da ɗanyen fayil ba tare da ta nemi bayanin ba. Kai za ka gaya mata yadda aka naɗa, sau da yawa kuma sai ga muryar ta fito. Idan ka ji shuuu zalla, ba lallai ta lalace ba ne. Sauya lissafin ka sake gwadawa. Haka ma fayil da aka goge bisa kuskure: sunansa ne aka cire daga jeri, sautin yana nan har sai wani ya hau kansa, kuma manhaja irin PhotoRec tana tono shi.

Babban memori ba gata ba ne ga tsohuwar rikoda. Katunan da ba su wuce giga 32 ba tsarinsu ɗaya, na giga 64 zuwa sama tsarinsu daban, kuma Zoom H1 ta farko, wadda ta fito a 2010, ba ta san na biyun ba. Za ta ce babu kati alhali ga shi a cikinta. Sannan a cikin rikodar ake yi wa kati fomatin, ba a kwamfuta ko waya ba.

Ɗan abin nan da ake turawa a gefen babban katin SD don kulle shi, roba ce zalla, ba ta haɗe da komai a cikin katin. Ramin da ake sa katin ne ke lalubar ta ya ga ko tana sama ko ƙasa. Idan ta karye, ɗan salatif ya isa.

Katin jabu ya fi duka mugunta, domin ba ya nuna alama. A jikinsa an rubuta giga 64, kwamfuta ma ta ce 64, amma ainihin cikinsa bai wuce ɗan kaɗan ba. Zai yi ta karɓa yana cewa ya adana, sai ranar da ka zo saurare ka tarar da sunayen fayiloli babu sauti. Manhajar H2testw takan cika katin taf sannan ta karanta, ƙaryar ta fito. A yi wannan gwaji ranar da aka sayo shi, ba ranar ɗaurin aure ba.

Dogon tafsiri ya rabu gida biyu ko uku shi kaɗai? Ba lalacewa ba ce. Rikodoji da yawa suna buɗe sabon fayil da zarar na farko ya kai giga 2. Da ingancin faifan CD, minti ɗaya yana cin kusan mega 10, don haka sai bayan awa uku da minti ashirin da 'yan kai za a kai wurin. Wanda ya ɗaga saitin zuwa 96,000 da bit 24 zai kai cikin awa ɗaya. MP3 na 128 kuwa kusan mega ɗaya yake ci a minti.

Ita kanta lambar nan 44,100 ta ingancin CD da ke cikin saitin, gadon talabijin ce. A ƙarshen shekarun 1970, kaset ɗin bidiyo ne abu mafi sauƙin samu da ke iya ɗaukar yawan lambobin da sautin dijital ke buƙata, sai aka riƙa ɓoye sautin cikin layukan hoto. A tsarin PAL, wanda shi Najeriya ta ɗauka, ana samun layi 294 masu amfani, sau 50 a daƙiƙa, kowane layi da awo uku. Ninka su ka gani. Wanda zai haɗa sautinsa da bidiyo dai 48,000 zai zaɓa.

Alamar batir tana ƙarya idan ba a gaya wa na'urar irin batirin da aka sa mata ba. Batirin alkaline yana farawa da bolt 1.5 yana raguwa a hankali. Mai caji yana zama kusa da 1.2 kusan har ƙarshe, sannan ya faɗi farat ɗaya. Akwai wurin zaɓa a cikin saitin, kuma kusan ba wanda ke leƙa shi. Batirin tocila mai araha ba na wannan aiki ba ne. Fawa-banki ma yana da nasa halin: wasu sukan kashe kansu idan abin da aka jona yana jan wuta kaɗan, rikoda kuwa ba ta da ci.

Idan batir yana ƙarewa da wuri fiye da kima, duba ko an bar +48V a kunne. Wuta ce da rikoda ke tura wa manyan makirfo ta cikin wayarsu. Me ya sa 48? A 1966 kamfanin Neumann na Jamus ya kai sababbin makirfonsa gidan rediyon Norway, ya tarar fitilun ko-ta-kwana na ɗakunan aikinsu da bolt 48 suke aiki. Aka jona makirfon da ita, duniya ta bi.

Ƙarar nan ta dit-dit-dit da kan shiga hira kafin waya ta yi ringin, sautin GSM ne. Wayar ba ta aika saƙo a miƙe. Tana kunna na'urar aikawarta tana kashewa kusan sau 217 a daƙiƙa, wayoyin cikin rikoda su tsinci bugun. Sa waya a sailen ba ya hana shi. Yanayin jirgi ne ke hanawa, ko nisa.

Gunjin wutar lantarki ya fi wannan ban mamaki. A Najeriya da Nijar da Ghana da Ingila wuta tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60, kuma wannan gunji yakan shiga naɗi ta caja ko fitila ko firji. Sai dai ba ya zama 50 daidai; yana ɗan hawa da sauka gwargwadon yawan masu jan wuta a ƙasa baki ɗaya, kuma zanen hawa da saukar na kowane lokaci daban ne. A 2005 'yan sandan Landan suka fara naɗar gunjin dare da rana. Idan aka kawo musu faifai, sai su gwada gunjin cikinsa da nasu, su faɗi rana da sa'ar da aka naɗe shi, su kuma gane ko an yanke wani wuri. A 2012 an yi amfani da wannan hujja a shari'ar wasu masu sayar da bindigogi. Wanda ya naɗa da wutar ɗan janareta, sai dai a yi haƙuri: janaretan nasa lissafin yake yi.

Kunne yana tace sauti, makirfo ba ya tacewa. Ka zauna a falo minti biyar, ka daina jin fanka. Rikoda ba za ta daina ba har a tashi. Magani mafi arha shi ne matsowa, domin duk sa'ad da nisan baki da makirfo ya ninka, muryar tana raguwa da desibel 6, fanka kuwa tana nan yadda take. Kamu ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada iskar numfashi ta bugi makirfon. Ɗaki mai labule da kafet ya fi sabon ofis mai tayil. Iskar hunturu kuma soson nan da ke zuwa cikin kwali ba ya iya mata, sai rigar mai gashi. Akwai saitin da ke yanke ƙananan sautuka ƙasa da 80, yana taimakon mai hira, amma mai naɗar tambari ko ganga ya kashe shi, in ba haka ba zai dawo da kiɗa marar ciki.

Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya. Wanda ya bugi sifili a ma'aunin ƙarfin sauti ya fashe, ya fashe ke nan. Shi ya sa ake barin allura wajen -12. Tun 2019, da Zoom F6 da MixPre II na Sound Devices, aka fara samun rikodoji masu tsarin bit 32 wanda a lissafi yake ɗaukar sama da desibel 1,500, alhali iskar duniya ba ta iya ɗaukar sautin da ya wuce kusan 194 ba tare da ya murɗe ba. Fayil ɗin ba zai fashe ba. Makirfon da aka kafa a bakin lasifikar maulidi kuwa zai iya.

Muryarka da ka ji a rikoda ka ƙi, ita ce wadda kowa ya sani. Wadda kake ji a kanka ta bi ta ƙasusuwan kai ne, ta ƙara kauri.

 

Rikoda da kyamara kowace da agogonta a ciki, kuma ba sa tafiya daidai. A fara su tare, bayan awa ɗaya baki yana iya riga murya ko murya ta riga baki. Tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara da farko, wani a ƙarshe, ya isa mai haɗawa ya daidaita su. Idan kuma ta WhatsApp za a tura masa aikin, a tura shi a matsayin takarda. Saƙon murya matse shi ake yi.