Sauraro ma sai da kuɗi: takaddamar dillalan lasifika da masu ciniki

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to amma a kasuwar manyan lasifikoki ta Turai da Amurka, ji shi ne ya kori gani. Ba mai zuba dubban fam a kan lasifika don kyawun katakonta. Sai ya zauna ya saurara tukuna. Wannan sauraro ne wasu dillalai suka fara cewa sai an biya, lamarin da ya haddasa cece-kuce tsakaninsu da masu sha'awar kayan sauti.

Tsarin dai ba shi da wuyar fahimta. Mai son jin wata lasifika zai tsai da rana da dillali, ya biya wani abu kamar kafin alƙalami. In ciniki ya faɗa a cire masa daga farashi, in kuwa ya fita hannu rabbana, kuɗin sun zama na kanti.

Kayan da ake magana a kansu ba irin na ɗakin kowa ba ne. Kamfanin Bowers & Wilkins, wanda John Bowers ya kafa a garin Worthing na Ingila a 1966, shi ke ƙera samfurin 801 da aka daɗe ana aiki da shi a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a London, kuma sabon ƙirarsa guda ɗaya ya kai nauyin kilo 100 ko kusa da haka. A jihar Utah ta Amurka kuwa, kamfanin Wilson Audio ya sa dala 685,000 a kan tagwayen WAMM Master Chronosonic a 2017, kuɗin da za su sayi gida.

Dillalai na cewa nuna irin waɗannan kaya aiki ne ja. Sai ƙarti biyu sun ɗauko su, an haɗa su da amfilifayar da ta dace, an yi ta gusa su kaɗan-kaɗan har a sami inda sautin ya zauna, domin bango da daɓe da labule duk suna sauya abin da kunne ke ji. Tun shekarun 1980 kamfanin Linn na birnin Glasgow ya matsa wa dillalansa cewa kada a bar wata lasifika a ɗakin gwaji sai wadda ake saurare, bisa hujjar cewa waɗanda ke ajiye su ma suna ɗan girgiza su gurɓata sautin. Ma'ana, duk sa'ar da mai ciniki ya ce a canza masa wata, sai an sake ɗauka da ajiyewa. Ga kuɗin hayar ɗaki, ga kayan gwajin da dillali ya saya da jarinsa, waɗanda daga baya sai ya karya farashi kafin su shiga.

Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne mutumin da zai cinye musu wuni guda, ya sha shayi, ya yi godiya, sa'an nan ya koma gida ya nemi kayan ta intanet ko na hannu a farashi mai rahusa. Kuma kukan nasu ba na banza ba ne. Titin Tottenham Court Road na London, wanda dā ya yi suna da kantunan kayan lantarki, yanzu kaɗan suka rage. Circuit City ya rufe kantunansa a Amurka a 2009, Comet kuma ya durƙushe a Birtaniya a 2012.

Sai dai maganin na iya fin cutar zafi. A 2013 kantin kayan amare na Vera Wang a birnin Shanghai ya sa yuwan 3,000 a kan gwada riga, amma surutun jama'a ya tilasta aka janye. Masu adawa da kuɗin sauraro na cewa sauraron shi ne kaɗai abin da kanti ya fi intanet da shi, don haka sa masa farashi tamkar korar mai ciniki ne tun daga bakin ƙofa. Ribar da dillali ke ɗorawa, in ji su, dama ladan wannan hidima ce. Haka kuma saurayin da yau ya shigo kallo ba ko sisi, shi ne zai dawo da kuɗi bayan shekara goma, in ba a kunyata shi ba.

Doka ma ba ta bayan dillalan. A Birtaniya, ƙa'idojin kare masu sayayya na 2013 sun bai wa wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki a mayar masa da kuɗinsa. Ashe mutum na iya gwada lasifika a falonsa, inda za ta zauna, abin da ɗakin dillali komai kyawunsa ba zai ba shi ba. Matsalar kawai ita ce mayar da kaya masu nauyin buhu biyu na siminti, wanda galibi a aljihun mai saye kuɗin dakon ke faɗawa.