Ko Kun Sani? Asalin Laƙabin Kalgo da Gwandu

Ko kun sani cewa a al'adar magabatanmu mutum da sunan mahaifinsa ake nasabta shi, kamar yadda ake cewa Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma laƙabin gari bai yawaita ba sai a zamanin Turawa, sa'ad da makarantun boko irin su Kwalejin Katsina suka tara almajirai daga larduna dabam-dabam, har ya zama wajibi a rarrabe masu suna ɗaya da garuruwansu?

Ta wannan tafarki Gwandu ta zama laƙabin Alhaji Umaru Gwandu, Kakakin Majalisar tsohuwar Jihar Arewa, Kalgo kuma ta zama ta Mai Shari'a Umaru Atu Kalgo, wanda ya hau kujerar Kotun Ƙoli a 1998. Da yake Kalgo ƙaramin gari ne kusa da Birnin Kebbi, masu wannan laƙabi ƙalilan ne, galibinsu 'yan Jihar Kebbi. A Sifaniya ma ana samun laƙabin gari irin Toledo. Saboda haka, tarayya a laƙabin gari ba hujjar dangantakar jini ba ce.