Wayar da ke riƙe da agogon sabis

A saman turakun sadarwa da ke tsaye a Trikania, kusa da Kakuri a Kaduna, akwai wata 'yar farar eriya mai kama da kifaffen ƙoƙo da ba kowa ke lura da ita ba. Aikinta karɓo lokaci daga taurarin GPS da ke shawagi kusan kilomita 20,200 sama da ƙasa. Hasumiyoyin 5G, wanda MTN ta fara kawowa Najeriya a 2022, dole agogonsu ya daidaita da saɓanin da bai wuce mikrosakan ɗaya da rabi ba, in ba haka ba sai su riƙa kutsa wa juna.

Saƙon taurarin yana isowa a raunane ƙwarai, a kan mita 1575.42 megahaz, kuma daga eriya zuwa na'urar da ke ƙasa kebul ne zai ɗauko shi. A nan ake yin ɓarnar. Siririyar waya RG-58 mai tsawon mita 30 tana cinye kusan kashi 99 cikin 100 na ƙarfinsa. LMR-400 mai kauri tana isar da kusan sulusi a wannan tsawon, sai dai ta fi tsada da wuyar lanƙwasawa.

Masu haɗa dish sun saba da RG-6, wayar DStv da StarTimes, kuma tana iya aiki a gajeren zango, ko da yake om 75 ce, mafi yawan na'urorin lokaci kuwa om 50 suke so. Matsalarta a kasuwa ita ce ta bogi: ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe sama-sama, alhali ta cikin wayar ake tura wa eriya wutar da take aiki da ita.

Abin da ƙwararru kaɗai ke tunawa shi ne waya na jinkirta saƙo. Kowace mita ta RG-58 tana ƙara kusan nanosakan 5, wato mita 30 sun ci kashi ɗaya cikin goma na saɓanin da aka yarda da shi. Shi ya sa ake auna tsawonta a shigar cikin na'ura ta cire.

Sai kuma damina. Ruwa na shiga ta mahaɗin da ba a naɗe da kyau ba, tsawar Kaduna kuma ba ta wasa, don haka akan sa makarin tsawa a inda wayar ke shiga ɗaki, a haɗa shi da ƙasa.